Kujerar Tarakta Ɗaya Ce, Kuma Ta Direba Ce

Na san wasu za su yi mamaki su ce me ya haɗa ungozoma da zancen tarakta, alhali ga hawan jini, ga ƙarancin jini, ga jijjiga duk suna jiran a yi magana a kansu. Ku yi mini haƙuri ku karanta. Ni 'yar manoma ce daga ƙasar Malumfashi, kuma abin da ya sa na ɗauki biro a wannan fitowa a ɗakin haihuwa na gan shi.

A kakar bara aka turo mana wata baiwar Allah daga wani ƙauye da ke tsakanin Bakori da Ƙafur, cikinta wata bakwai, haihuwa ta huɗu. Ranar da abin ya faru ta fito ne za ta je awo. Ta daɗe a bakin hanya babu mota, sai ga taraktar wani maƙwabcinsu ta ɗebo masara za a kai kasuwa. Aka ce ta hau, aka kama hannunta ta haye can saman buhuna. Alheri aka yi mata, babu wanda ya nufe ta da sharri. Da suka iso wata kwalbati da ruwan damina ya zaizaye gefenta, sai tayar tirela ɗaya ta zurma, tirelar ta karkace, buhuna suka zame da ita. Ta tashi da ƙafarta, ta kakkaɓe zani, ƙujewa ce kawai a gwiwar hannu. Kowa ya ce an auna arziki. Ta fasa zuwa awon, ta koma gida ta huta.

Da dare ciki ya ɗaure tamau kamar dutse, ciwo ba ya saki, amma jini ko ɗigo babu. Aka ce tsamin jiki ne, aka gasa mata da ruwan zafi. Sai washegari da la'asar, bayan ta fara ganin jiri, aka nemi mota. Lokacin da ta iso hannunmu na ɗora abin saurare, na zagaya cikin nan sama da ƙasa, ban ji bugun zuciyar ɗa ba. Ita uwar ta rayu, bayan tiyata da ƙarin jini leda huɗu. Mijinta ya tsaya a bakin ƙofa yana ta maimaita mini magana ɗaya, wai ai tafiyar ma a hankali ake yi.

Gaskiya ya faɗa, kuma wannan a hankalin shi ne yake yaudararmu. Tun daga ranar na ƙara tambaya ɗaya a wurin awo, wato da me kika zo? Amsoshin da nake samu daga matan Ɗanja, Ɗandume, Faskari, Ƙanƙara da ƙauyukan Funtua sun nuna mini cewa hawan tirelar tarakta ya zama ruwan dare, musamman da kaka in ana kwasar masara, waken soya da auduga. Ban ga laifinsu ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabo, hanyoyin ƙauye da damina ƙaramar mota ba ta shiga, ga kuma rashin tsaro da ya sa direbobi da yawa suka ƙaurace wa wasu hanyoyin. Wadda ta ga abin hawa kyauta ya tsaya a gabanta, ga nauyin ciki, ga rana, da wuya ta ce a'a. Duk da haka ra'ayina shi ne ta ce a'a, kuma maigida ya taya ta cewa a'a.

Tarakta ba baƙuwa ba ce a ƙasarmu. Tun 1975, lokacin da aka kafa shirin bunƙasa aikin gona na Funtua da tallafin Bankin Duniya, iyayenmu suka fara sabawa da ita. An yi zamanin Steyr da ake harhaɗawa a Bauchi da Fiat ta Kano, ga jar Massey Ferguson da har yanzu ita ce ta fi yawa a gonakinmu. Mun tashi muna bin ta da gudu muna ɗafewa. Sabo ya cire mana tsoronta, amma bai sa mun san yadda take tsayuwa da yadda take faɗuwa ba. Ni ma sai bayan wannan abin na je na zauna da wani kawuna da ya tsufa a kan tuƙinta, ya warware mini, na kuma ƙara da karatu.

Ya ce in dubi murhu. Tarakta tayoyi huɗu gare ta a ido, amma ƙarfen da ya riƙe tayoyin gaba a tsakiya kawai aka maƙala shi, yana lilo sama da ƙasa domin ta iya bin kunya-kunya. Saboda haka tsayuwarta ta fi kama da ta tukunya a kan duwatsu uku, biyu a baya, ɗaya a gaba. Ga ta doguwa, cikinta a ɗage domin kada ta karya shuka, nauyinta yana can sama. Kuma kusan kashi biyu cikin uku na nauyin yana kan tayoyin baya. Abin da aka gina haka, in taya ɗaya ta faɗa rami ko ta hau tudu a gefe, kifewa ba ta yi masa wuya.

'Yar'uwa mai ciki, ke kin fi kowa gane wannan bayani. Tun da cikinki ya fito kin ga yadda tafiyarki ta canza, kina turo ƙugu gaba kina jan kafaɗa baya, abin da da kike tsallakewa a guje yanzu sai kin dafa bango. In kina da goyo a baya kuma za ki hau tudu, sai kin sunkuya gaba, in ba haka ba goyon ya ja ki baya. To haka tarakta take in an rataya mata garma ko haro an ɗaga. Garma mai faranti uku takan kai kilo 300 ko fiye, kuma tana rataye ne can bayan tayoyin baya. Nauyinta yana ɗage gaban tarakta, tayoyin gaba su riƙa taɓa ƙasa sama-sama. Da waɗannan tayoyin ake juya ta. In sun yi sakayau, direba zai murza sitiyari tarakta ta ci gaba da tafiya miƙe. Masana sun ce aƙalla kashi 20 cikin ɗari na nauyinta ya kamata ya zauna a kan tayoyin gaba, shi ya sa ake jera wasu ƙarafa masu nauyi a hancinta. Ku duba taraktocin haya da ke shigowa ƙauyenku ku ga guda nawa ne ƙarafan nan suke wurinsu. Sau da yawa an cire an ajiye, ko an sayar wa 'yan gwangwan. Wani direban sai ya sa yara biyu su zauna a kan hanci su zama su ne nauyin. Na ga wannan da idona, kuma 'ya'yan mutane ne.

Tirela kuwa matsalarta daban. Mu yi lissafi irin na kasuwa. Tarakta irin wadda aka saba gani nauyinta tan biyu da rabi ne zuwa uku. Buhun masara kilo 100 ne. In aka loda buhu 50, an sami tan 5, ban da nauyin ita tirelar da mutanen da ke sama. Wato abin da ake ja ya kusa ninka mai jan sa. Yawancin tirelolin da maƙeranmu suke haɗawa ba su da birki, ita kuma taraktar a tayoyin baya kawai birkinta yake. A miƙaƙƙiyar hanya ba za a ga komai ba. Amma a gangara, kamar in za a sauka rafi, kayan ne suke tura tarakta. In direba ya saki giya don ya rage shan mai, ko ya taka birki da ƙarfi, tirela sai ta ture bayan tarakta gefe su naɗe kamar wuƙar aljihu. Akwai kuma wani abu da mutane da yawa ba su sani ba: abin taka birkin tarakta guda biyu ne, na dama da na hagu, domin juyawa a ƙarshen kunya. In za a hau hanya dole a haɗe su da ɗan ƙarfen da aka yi don haka. In aka manta, direba ya taka ɗaya cikin gudu, nan take ta yi kwana da kanta.

Game da gudu, abin da ke jan kaya waje a kan kwana ba ya tafiya daidai da gudun. In aka ninka gudu sau biyu, shi sau huɗu yake ninkuwa. Kuma duk wanda ke can ƙololuwar lodi shi ya fi jin sa, domin ƙaramar karkata a ƙasa babban lilo ce a sama. Mai ciki a saman buhuna ba ta da abin riƙewa sai igiya, hannu ɗaya ma yana kan mayafi ko ƙunshin kaya.

Akwai kuma tuntsurawa ta baya, wadda ita ce kawuna ya fi tsoro. Tana faruwa in tayoyin baya sun kafe a laka, ko in aka ɗaura sarƙa a sama da ƙarfen ja da ke can ƙasa domin a fizgo motar da ta maƙale ko a tumɓuke kututture. Tayoyi sun kasa juyawa, sai inji ya juya ita taraktar a kansu, hanci ya tashi sama. Bincike ya nuna cikin kashi uku bisa huɗu na daƙiƙa ɗaya takan kai inda ba ta dawowa, cikin daƙiƙa ɗaya da rabi ta kwanta da bayanta. Ƙato ma mai lafiya ba ya samun damar tsalle, balle mace mai wata takwas da ke zaune a kan murfin taya.

Shi murfin tayar nan, inda ake girmama mace a ce ta zauna kusa da direba don kada ta hau kaya, shi ne wuri mafi muni. Ƙarfe ne mai santsi, ba wurin jingina, ba wurin ajiye ƙafa. Tarakta ba ta da abin rage girgiza irin na mota, duk ramin da ta faɗa kai tsaye yake zuwa jikin wanda ke kai. Wanda ya zame daga nan gaban babbar taya yake faɗawa, ko ƙarƙashin tirelar da ke biye, kuma direba ba zai iya tsayawa ba kafin ta bi ta kansa. Wadda ke tsaye a kan ƙarfen da ya haɗa tarakta da tirela ita ma haka.

Waɗanda suka ƙera ta sun daɗe da sanin halinta. A ƙasar Suwidin tun 1959 aka yi doka cewa duk sabuwar tarakta sai da ƙarfen kariya a saman direba, wanda zai tokare ƙasa in ta kife, kuma mace-macen kifewar tarakta a can sun ragu da fiye da kashi 90 cikin ɗari. A Ingila doka ta hana yaron da bai kai shekara 13 ba hawa tarakta, ko da mahaifinsa ne ke tuƙi. Abin lura shi ne ƙarfen kariyar nan mutum ɗaya yake karewa, wanda ke kan kujera ya ɗaura bel. Ba a yi shi don fasinja ba. A nan kuma sai ka ga an kwance shi an kafa rumfar kwano don inuwa.

Yanzu bari in dawo fagena. Ba zan tsorata ku da abin da ba haka yake ba: girgizar hanya ita kaɗai ba ita ce ke zubar da lafiyayyen ciki ba, mata da yawa sun sha ta sun haihu lafiya. Abin tsoro shi ne faɗuwa da buguwa. A watanni ukun farko mahaifa tana ɓoye cikin ƙashin ƙugu. Daga nan take fitowa, a wata biyar ta kai cibiya, babu abin da ya tsare ta sai fata da tsoka. Naman mahaifa yana da danƙo, in an buge shi yakan lotsa ya dawo. Mabiyiya, wato uwar da ɗa yake ci yake numfashi ta cikinta, ba ta da wannan danƙon. Shi ya sa buguwa, ko ma fizga mai ƙarfi ba tare da cikin ya taɓa komai ba, takan ɓamɓare ta daga bangon mahaifa. Sai jini ya fara taruwa a bayanta. Wani lokaci yakan fito a gani, wani lokaci kuma ya taru a ciki ba a ga ko ɗigo ba, kamar yadda ya faru ga baiwar Allah da na ba ku labari. A ƙarshen ciki jinin da ke ratsa mahaifa ya kai rabin lita ko fiye a kowane minti, saboda haka ɓarnar ba ta jira.

Wani abin da ke ruɗa iyali shi ne jinin mai ciki yana ƙaruwa da kusan rabi. Tana iya zubar da fiye da lita ɗaya tana zaune tana hira, ana cewa ai ta warware. Jikinta yana kare kansa ne ta hanyar rage jinin da ke zuwa wa ɗan. Kafin uwa ta nuna alama, ɗan ya daɗe cikin wahala. Don haka dokarmu a nan ita ce: duk mai cikin da ta faɗo daga abin hawa, ko wani abu ya bugi cikinta, a kawo ta asibiti a ranar, ko da ta ce ba ta jin komai. Za mu saurari zuciyar ɗa, mu yi hoton ciki, mu riƙe ta aƙalla awa 4 zuwa 6 muna lura, in mun ga alama mu kwana da ita. Hoton ma ba kullum yake nuna ɓamɓarewar ba, shi ya sa muke cewa a zauna, ba don mu ɓata muku lokaci ba. In jininta nagetif ne akwai allurar da ake so a yi mata cikin kwana 3, in akwai rauni kuma mu duba allurarta ta tetanos. Ciwon ciki da ba ya saki, taurin ciki, jini, fashewar ruwa, raguwar motsin ɗa, jiri ko gumi mai sanyi, ko ɗaya aka gani ba a jiran gari ya waye. Kada a murza cikin, kada a gasa, kada a ba ta jiƙo. In tana kukan wuya ko baya kada a naɗe ta a kan babur, a kwantar da ita a kan ƙyaure ko faffaɗan katako, a ɗan tokare gefen damansa ya karkata hagu.

Na san abin da wani maigida zai ce: Malama, kina cikin gari kina magana, mu a watan Agusta in rafi ya kawo, ban da tarakta babu abin da ke fita garinmu, in naƙuda ta zo cikin dare mu bar ta a ɗaka? A'a, Malam, kada ku bar ta. Naƙudar da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, ko zubar jini, ko jijjiga, sun fi hatsarin tarakta nesa ba kusa ba. In ita kaɗai ce hanya, a yi amfani da ita, amma a mayar da tirelar ɗakin mara lafiya. A sauke kayan duka, ko buhu ɗaya kada a bari. A sami tirela mai bango, a shimfiɗa katifa a ƙasa, ta kwanta a gefen hagu, mata biyu su zauna a ƙasa su tallafe ta, kada kowa ya zauna a bakin bango yana lilo da ƙafa. Kai da kanka ka duba ƙusar da ta haɗa tirela da tarakta, ka tabbata an sa mata abin da zai hana ta tsalle ta fita, domin na sha jin an soka guntun rodi kawai an kama hanya. Ka tambayi direba ko ya haɗe birki. A gangara ya sa ƙaramar giya, wadda zai hau tudun da ita, kada ya sake ta. A kowace kwalbati da mashigin ruwa wani ya sauka da tocila ya duba. Da zarar an hau kwalta a mayar da ita mota, domin tirelar da ba ta da fitila a kan titin Funtua zuwa Zariya da dare wani hatsarin ne na daban.

Amma abin da na fi so shi ne kada a kai ga haka. Ciki ba ya zuwa kwatsam, wata tara yake ba da sanarwa. A ranar awon farko muna faɗa muku watan haihuwa. In ya faɗo cikin damina kuma kun san halin hanyarku, a dawo da ita wurin 'yan'uwa a Funtua, Malumfashi, Bakori ko duk inda ke kusa da asibiti tun tana shiga wata tara. Al'adarmu ta goyon ciki ta riga ta share wannan hanya, ba sai cikin fari kaɗai ba. Kuɗin motar awo da na ranar haihuwa a ware su tun ranar da aka sayar da amfanin gona, buhu ɗaya zai yi nisa. A shekarun baya ƙungiyar direbobi ta NURTW ta horar da wasu 'ya'yanta a Katsina, Jigawa, Zamfara da Yobe domin ɗaukar mata masu naƙuda cikin gaggawa. Ku je tashar da ke kusa da ku ku tambaya, ku karɓi lambar direba biyu, ku ajiye a wayar maigida da ta wani a gidan.

Iyayenmu surukai, maganarku ta fi tawa shiga. In kuka ce matar ɗanku ba za ta hau kaya ba, ba za ta hau ba. Ku haɗa da jikoki, domin yaron da ake ɗorawa a cinyar direba don a faranta masa, hannun da ke riƙe da shi shi ne hannun da ke riƙe da sitiyari. Da kaka kuma in an jona injin sussuka a bayan tarakta, ku ja 'yan mata nesa da sandar da ke juyawa. Tana zagaye 540 a minti, wato 9 a daƙiƙa ɗaya, in ta kama bakin hijabi ko zani babu mai iya ƙwacewa.

Direbobin tarakta kuma, na san kunya ce take sa ku tsaya, ba za ku iya wuce matar maƙwabci a rana ba. Ku tsaya ɗin, ku gaishe ta, ku ce Hajiya yi haƙuri, wannan ba abin hawanki ba ne, bari in kira miki mai mota. In an ji haushinku ku ce ungozoma ce ta hana, na ɗauki laifin.

Ke kuma 'yar'uwa, in ranar awonki ta zo ba ki sami abin hawa ba sai tirela mai lodi, matuƙar lafiyarki ƙalau kuma ɗa yana motsi, ki koma gida ki zo washegari ko ranar awo ta gaba. Ki faɗa mana dalili a bakin teburin kati, za mu duba ki. Allah Ya sauke ku lafiya.